Baturiyar Cikin Adudun Iya

A shekarar da tumatir ya yi kwantai a Kwanar Gafan, har kwandon ya nemi ya fi abin da ke cikinsa daraja, babu manomin rani a Garun Mallam da bai kwana yana lissafin wata hanyar arziki ba. Wani ya ce zai koma shinkafa irin ta mutanen Kura, wani ya ce acaɓa. Ni tawa hanyar daga ɗakin kakata ta ɓullo.

Gara ce ta cinye azarar ɗakin, aka ce a fitar da kaya. Ina ɗaga wani tsohon adudu gindinsa ya zube, wani ƙullin tsumma ya faɗo ƙasa da ƙara. Iya tana daga kan tabarma ta ce, "Kai mijin banza, ajiye min kayana. Mijin da ko sisin cefane bai taɓa bayarwa ba, shi ne da saurin jin ƙarar kuɗi."

Na kwance. Anini mai huda, sulalla masu hoton bishiyar kwakwa, sai wasu manya guda uku, faffaɗa, masu nauyi a tafin hannu. Liyari ke nan, wanda matan zamanin da ke ratayawa a wuya. Gefe ɗaya wata Baturiya ce mai jiki, da mayafi a ka. Ɗaya gefen gaggafa mai kai biyu, ga shekara a rubuce ɓaro-ɓaro: 1780.

Nan take na yi lissafi. Saura shekara 24 ke nan Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Sarakunan Haɓe ne a Gidan Rumfa. Na ce a raina, tsuntsu daga sama gasasshe, kuma mai kai biyu. Na karɓi aro a wurin Iya bisa jinginar goro da alkawarin turmin atamfa.

Ƙanina da ke jami'a shi ya fara zuba min ruwan sanyi. Ya daddanna waya ya ce, "Yaya, matar nan sunanta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. A 1780 ta rasu. Fataken Yaman da Habasha da Sahara sun saba da fuskarta, ba sa karɓar wata, shi ya sa aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba a canja ba. An buga sama da miliyan ɗari uku. Har gobe ana bugawa a Biyana."

Na ji ƙafata ta yi sanyi. Sai ya ƙara kalma ɗaya, wadda ita ta jawo min duk abin da ya biyo baya. Ya ce, "Amma…"

Amma ɗin ga ta. Kuɗin azurfa ba zuba shi ake yi ba, buga shi ake yi tsakanin ƙarfen hatimi biyu, na sama da na ƙasa. Hatimi yana gajiya, ya tsage, a sassaƙa sabo, kuma hannun masassaƙi biyu ba ya zama ɗaya. Liyari kuwa gidajen buga kuɗi da yawa ne suka buga shi. Bayan Biyana akwai Milan da Benis. A 1935 Italiya ta karɓi hatiman daga Ostiriya ta riƙa bugawa a Rum saboda yaƙin Habasha, Ingila ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta fara nata a Landan a 1936, aka yi a Faris da Burasel, lokacin yaƙin duniya na biyu har a Bombai. Duk 1780. Masu tara tsofaffin kuɗi sai suka mai da gano bambancin hatiman nan ilimi guda, har wani mai suna Walter Hafner ya yi musu kundi sukutum. Ana ƙirga ƙwayoyin lu'ulu'u a maɓallin da ke kafaɗar sarauniya da na kambinta. Ana ƙirga gashin jelar gaggafa: bugun Biyana uku ne a tsakiya, na Landan biyu. Ana duba siffar ɗan gicciyen da ke bayan shekarar, da haruffan S.F. a ƙarƙashin hoton. Bugun farko-farko da waɗanda ba su da yawa, su ne masu tsada.

Ni dai "masu tsada" kawai na ji.

Na ari gilashin ƙara girma a wurin mai gyaran waya, na sayi sabon batir na tocila. Da farko na ga tsatsa da baƙi sun rufe komai, sai na samo toka da lemon tsami na dirje su tas har suna ɗaukar ido. Sannan na zauna ƙirga. Na ƙirga lu'ulu'u bakwai. Na sake, tara. Na juya tocila, takwas. Na goge ido, sai na ga babu ko ɗaya, wurin ya shafe sumul. Wanda bai taɓa neman ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba a jikin kuɗin da ya sha hannun fatake da zufar wuyan mata ba zai gane ba. Ido yana ganin abin da aljihu yake so.

Uwargida ta zuba min ido dare ɗaya, ta ƙyale. Da abin ya zarce sai ta tsaya a kaina.

"Malam, wace ce wannan da kake haskawa har asuba?"

"Sarauniya ce. Kafaɗarta nake dubawa."

"Kafaɗa."

"Wallahi kafaɗa. Ta rasu tun 1780, kuma 'ya'ya goma sha shida ta haifa."

"Goma sha shida, kuma har yau ana kunna mata tocila. Mu da muka haifi huɗu ko fitilar ƙwai ba a haska mu da ita."

Ban sami amsa ba, na koma kan jelar gaggafa, inda babu rigima.

A nan na yi babban gamo. A jikin liyari na biyu akwai wani layi siriri da ya ratsa daga fiffike zuwa baki. Ƙanina ya taɓa cewa hatimin da ya tsage yana barin layi a jikin kuɗi, kuma masu tarawa suna son irinsa. Na uku kuwa, gashin jelarsa ba biyu ba, ba uku ba. Huɗu! Babu wannan a duk hotunan da muka duba. Na tabbata na samo abin da Hafner da kansa bai gani ba.

Magana ba ta kwana a garinmu. Kafin a jima majalisa ta san ina da ilimin kuɗin da. Mai shayi ya fara sa min ƙwai biyu ba tare da na tambaya ba, yana cewa a rubuta. Mutane suka fara sallama da ƙunshi: kwabon 1973, tamma ta Nijar, maɓallin kakin soja, wani har da wani zoben ƙarfe na injin ban ruwa. A cikin sulallan Iya na nuna musu ƙaramin harafi a gindin bishiya. Wani dattijo ya karɓi gilashi ya duba ya ce H ce, wato Hausa. Aka duba wani mai ruwan ƙwai aka ga KN. Majalisa ta kaure. "Kano! Kamar lambar mota ta da! A nan aka buga shi!" Wani ya rantse kakansa ya san gidan, wajen Fagge. Ban musa ba, don a lokacin ni ma na fara hango gidan.

Ranar ruwanmu ta zo. Ruwan nan daga Tiga yake tahowa, dam ɗin da aka gama a 1974, ya biyo babbar magudana ya rarrabu har bakin gona, kuma ba ya jiran mai nazari. Na jefa tiyo da yamma, na zauna a gindin darbejiya na ce bari in ɗan tabbatar da gashi na huɗun nan kafin komaye su cika. Da na ɗago kai, komayena sun cika, sun tumbatsa, sun fasa kunya, sun gangara cikin rainon albasar maƙwabcina. Ya iso ya same ni da ido ɗaya a rufe. Abin da ya faɗa ba na rubutawa ba ne. Na ce ya kwantar da hankalinsa, jibi zan shiga Kurmi, in na dawo har gonar zan iya saya.

A Kasuwar Kurmi aka nuna min wani dattijo a layin masu kayan azurfa. A birnin Kanon nan ne Bature Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya tarar ana canjin irin wannan kuɗi a kan wuri 2,500 a 1851, don haka na shiga da ƙafar dama, ina jin na dawo da kaya gidansu. Na kwance tsumma a hankali. Alhajin bai ko nemi gilashi ba. Ya ɗauki na farko ya sake shi a kan dutse, ya saurari amonsa. Ya ɗora a sikeli.

"Sabo giram ashirin da takwas ne da ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Naka ya rame. Wa ya dirje shi haka?"

Na ce wani yaro ne a gida.

"Yaron nan ya cuce ka, Malam. Baturen da ke sayen irin wannan, baƙin yake so. Ka wanke, ka wanke kuɗinka."

Na nuna masa layin. Ya bi shi da farce. Ya ce in hatimi ne ya tsage, layin tudu yake yi, domin azurfa ce ta kutsa cikin tsagar. Nawa rami ne. Karta ce kawai. Na ce to, mai gashi huɗu fa? Ya sake shi a kan dutse, ya yi wani dum marar daɗi. Ya juya bakinsa ya nuna min: na gaske da rubutu a kewayen baki, wannan sai tabon haɗi. Zubin maƙeran fari ne, an danna na gaske a ƙasa an zuba narkakke don kwalliyar amare. Gashi na huɗu ɗigon dalma ne.

Sai ya jawo wani faranti daga ƙarƙashin teburi ya zazzage. Liyari tuli, kowanne 1780. Ya ce, "Baiwar Allahn nan ba ta taɓa ganin 1781 ba. Zaɓi wanda kake so, a kan nauyi nake sayarwa."

Na yi ta maza na fito da sulalla. Ya ce farare na azurfa ne, waɗanda aka fara kawowa a 1913, daga 1920 aka koma gamin tagulla saboda azurfa ta yi tsada. H ɗin Heaton ne, KN kuma King's Norton, dukkansu masana'antu a Bamingam ta Ingila. Na ce ba Fagge ba? Ya dube ni, ya tambaya ko na karya kumallo.

Iya ta ƙirga kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga liyari na biyu ta ce, "Ka ga wannan? Da shi nake kankare ƙanzo tun kafin a haifi ubanka, babu cokalin da ya kai shi." Zubin kuwa ta ce ai kowa ya sani, kakana ne ya cika lefe da shi, ta gane tun daren farko ta yi shiru. Sannan ta tambayi atamfarta.

Maganar albasa ta kai gaban mai unguwa. Aka yanke zan sayi iri in yafa da hannuna, in kuma yi masa ban ruwa har dashe, ba tare da gilashi ba. Mai shayi ya zo da littafinsa ya tsaya a gefe yana jiran layi. Da aka shafa fatiha mutane suka watse, mai unguwa ya yafito ni, ya waiga dama da hagu, ya zura hannu a aljihun 'yar ciki ya fito da wani sule mai ruwan ƙwai.

"Ɗan duba min gindin bishiyar nan," in ji shi ƙasa-ƙasa. "An ce na Kano sun fi tsada."