Daga Mafara zuwa Abuja ta Sama

Nisan da ke tsakanin Sakkwato da Abuja, idan aka miƙe ta sama, kimanin kilomita 500 ne, jirgi kuma yakan cinye shi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Lissafin daidai ne, sai dai an yi shi ne da mutumin da gidansa ke bakin filin jirgi.

Talata Mafara ba ta da filin jirgi, haka Bakura, haka Maradun. Matafiyin da zai tashi daga filin Sultan Abubakar III na Sakkwato dole ya fara juya wa Abuja baya: ita tana kudu maso gabas, shi kuwa ya nufi arewa maso yamma, tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya. Kafin wannan akwai zaman tasha, inda mota ba ruwanta da agogo. "Saura mutum ɗaya" kan kai tun hantsi har azahar. Ranar Talata da kasuwa ke ci, buhun shinkafar Bakalori ma fasinja ne, kuma ba ya matsawa. Mutanen Maradun da Bakura sai sun fito bakin babban titi tukuna ake fara ƙirga musu tafiya. Sannan ga shingayen jami'an tsaro, kowanne da tasa gaisuwar.

A filin jirgi ana so fasinja ya iso da wuri, ko da yake jirgin bai ɗauki irin wannan alkawari ba. In Allah ya sa ya tashi, cikin 'yan mintoci yake ratsawa ta saman Zamfara, jihar da bawan Allah ya baro tun da asuba.