Jinjina ga Kwamfutar da Ba Ta Magana

A gaishe ki, kwamfutar nesa, sarauniyar kawaici! Kina kwance a wani ɗaki mai sanyi can Turai, matashi a Gusau ya kama hayarki da ɗan abin da ya tara, yana shiga cikinki ta intanet don ya saurari muryoyi ya rubuta a biya shi. Kin buɗe masa allo tar, kin bar linzami yana yawo, sauti kuwa kin riƙe abinki. Ko amarya ba ta kai ki kunya ba.

Ga ki kuma malama. Albarkacinki ya san cewa VNC hoton allo take ɗaukowa, ba ruwanta da murya. Ya koma Remote Desktop, ya zaɓi a kunna sauti a na'urar da ke gabansa, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, shiru kake ji. Sai da dare ya raba ya gano Windows Server kan zo ne da sashen sautinsa a kashe, sai an tada shi da hannu. Wace makaranta ce za ta ba da wannan karatu, ba ta karɓi komai ba sai datar wata guda?

Da muryar ta fito, sai abokinki sabis ya karɓi aiki. Sannu da ƙoƙari! Kalma ɗaya ta iso, uku su maƙale a hanya, a maimaita, su sake maƙalewa. A Tsafe da Bungudu ya fi ƙwazo, don har motsa jiki yake sa mutane: a ɗaga waya sama, a hau katanga, a juya gabas.

Duk da haka ba ku kamo ƙafar Satumbar 2021 ba, lokacin da hukumar NCC, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, ta sa aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara don yaƙar 'yan bindiga. Nan take matsalar sauti ta kau, tunda ba mai iya shiga balle ya saurara. Masu POS suka huta, mai neman abinci ta intanet ya huta, mutane suka riƙa kasadar bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa don kawai su shaida wa dangi suna raye.

An maido wa Gusau layi ranar 1 ga Oktoba. Ƙauyuka sun ƙara makonni babu waya, 'yan bindigar kuwa har yau suna nan.