Zuwa ga Bazazzagina, Sarkin Danniya

Bazazzagi, bawan Kanawa! Labari ya iso Kano cewa duk bokon da ka sha, sana'ar da ka ƙare a kai ita ce danne ƙwayoyin halitta masu rai a ƙarƙashin gilashi. Ai da ka faɗa tun farko, da mun kai ka wurin masu kilishi sun koya maka baje abu kyauta.

Na san uzurinka. Madubin maikuroskof mai ƙarfi ba ya nuna abu tar sai a kaurin da bai kai maikuron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Amibar ƙasa kuwa, Dictyostelium, takan kai wajen maikuron 10. Ka saita tsakiyarta, sama da ƙasa su yi dishi-dishi, ga ta kuma ba ta zama wuri guda. Dole a baje ta.

Amma daina hura hanci, dabarar ba daga Tudun Wadanku ta fito ba. Tun a 1984 Shigehiko Yumura da Yoshio Fukui na Japan suke shimfiɗa wa amibar siririn mayafin aga, daskararren ruwan nan da ake samu daga ciyawar teku, su tsotse rarar ruwan da takardar tacewa a hankali har ta kwanta. Kai kuwa an ce da babban yatsa kake dannawa, ƙwayar ta fashe, ka ce laifin madubi ne.

To buɗe kunne ubangidanka ya ƙara maka karatu. A 2015 ayarin Matthieu Piel na Cibiyar Curie a Faris ya matse ƙwayoyi zuwa maikuron 3 a wuri mai santsi. Sai ga waɗanda aka sani da jan ciki sannu-sannu sun sauya tafiya, suna sheƙa gudu. Tura ta kai bango ke nan. Wadda aka matse sosai tana tsakar rabuwa biyu kuwa, rabon gadonta na kuromosom yakan hargitse.

Saboda haka idan ka zo rubuta rahoto, kada ka ce ka gano halinta. Halin wanda aka danne ka gani. Ka auna tazarar, ka rubuta ta, ka ajiye wasu ƙwayoyin ba a matse ba don kwatance.

Kuɗin wannan darasi kuma ka haɗo su da kuɗin shara, watan Cika-ciki ya kusa. Idan ka noƙe, ni ma na iya danniya.