Yadda Ake Ciyar da Agwagin Ingila Ba Tare da An Ɓata da Kowa Ba

Ciyar da agwagi a bakin tafki tsohuwar al'ada ce a Ingila. Da wuya a sami garin da ba shi da lambun shaƙatawa, lambuna da yawa suna da ruwa, ruwan kuwa ba ya rasa agwagi. Ranar Asabar ko Lahadi iyaye da kakanni sukan ƙulla ragowar burodin gida a leda, su riƙo hannun yara, a tafi bakin ruwa a yi ta gutsura ana jefawa. Baƙon da ya fito daga ƙasar Hausa, inda agwagwa ke cin dusa a tsakar gida har ranar da za ta shiga tukunya, zai yi mamakin ganin agwagi ƙosassu suna yawo babu mai su. Ya kamata ya san tun da wuri cewa dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kama tsuntsayen nan ko ɗebe ƙwansu haka kawai. Aikin mai ziyara bayarwa ne da kallo, duk wani lissafin farfesu sai ya bar shi a gida.

Agwagwar da ta fi yawa a waɗannan tafkuna ita ce wadda ake kira malad. Toron yana da koren kai mai sheƙi da farin zobe a wuya, macen kuwa ruwan ƙasa ce mai dabbare-dabbare, kuma ita ce mai yawan surutu, domin kukan toron ƙasa-ƙasa yake fita. Takan yi kwanci na kwana 28 ko kusa da haka, 'ya'yan su bi ta cikin ruwa tun kwana ɗaya da ƙyanƙyashewa, sai sun yi wajen wata biyu kafin su iya tashi sama. Abincinta na asali yana cikin ruwan da take iyo: ciyawar ruwa, ƙwayoyin tsirrai, ƙwari, tsutsa da ƙananan dodon koɗi. Idan aka ga ta dulmiya kai ta bar wutsiya a sama, kiwo take yi. Ba ta da haƙori, ƙundu ne ke niƙa mata abinci da taimakon tsakuwar da take haɗiyewa. Ke nan ba ta dogara da ledar kowa ba, ko da yake yadda take rugowa da zarar ta ji motsin leda zai sa mutum ya ɗauka ta kwana uku ba ta ci ba.

Ba ita kaɗai ke zuwa walimar ba. Akwai dinyar Kanada mai baƙin wuya, wadda ba ta san kunya ba, tana iya fizge abu daga hannun yaro ta kuma yi masa huci. Akwai suwan, farar tsuntsuwar nan mai dogon wuya. Akwai tattabaru da tsuntsayen teku masu cafke abinci tun yana iska. A lambun St James da ke Landan har kwasakwasa ake da su, tun 1664 da jakadan Rasha ya ba Sarki Charles na Biyu kyautarsu, kuma ma'aikata ne ke ba su kifi kullum da rana.

Rigimar duk a kan burodi take. A shekarar 2015 hukumar Canal & River Trust, mai kula da hanyoyin ruwa masu tsawon kusan mil 2,000 a Ingila da Wales, ta ƙiyasta cewa burodi miliyan 6 ake jefawa cikin ruwayen a kowace shekara, ta kuma roƙi jama'a su canza abin da suke kawowa. Hujjojinta masu ƙarfi ne. Farin burodi yana cika ciki amma amfaninsa ga jikin tsuntsu kaɗan ne, kamar yaron da aka ƙosar da alewa kafin a sauke tuwo. Ɗan agwagwa mai tasowa ƙwari yake buƙata, idan ya saba da burodi sai ya yi sakaci da kiwo. Abin da aka jefa bai ciwu ba yakan nutse ya ruɓe, ya ciyar da gansakuka, ruwa ya rasa iskar da kifi ke shaƙa. Wanda ya rage a bakin gaɓa kuma ɓeraye ne ke gadonsa da daddare. Burodin da ya yi fumfuna ya fi kowanne haɗari, domin yana iya sa wa tsuntsu ciwon huhu mai kisa. Sannan wurin da aka saba ciyarwa yakan tara tsuntsaye fiye da ƙima, kashi ya yi yawa, cuta ta sami hanyar yaɗuwa.

Jama'a suka ji, wasu kuma suka ji fiye da abin da aka faɗa, suka daina kawo komai. A 2018 David Barber, jami'in da ke kula da ƙidayar suwan ta gidan sarautar Ingila a kogin Thames, ya fito ya ce yaƙin da ake yi da burodi ya sa ana samun tsuntsayen da suka rame, wasu har suna hawa titi neman abinci, kuma babu laifi a ba suwan burodi muddin bai yi fumfuna ba. A 2019 wani allo da aka kafa a lambun Pavilion Gardens na garin Buxton ya zagaya intanet, an rubuta shi da bakin agwagi suna roƙon a ci gaba da ba su burodi. Haka nan akwai wata nakasa da ke murɗe ƙarshen fiffiken tsuntsu ya juya waje har ya kasa tashi. Mutane da yawa suna ɗora laifinta a kan burodi, masana kuwa ba su haɗu a kan haka ba. Abin da ya tabbata shi ne burodi kaɗan mai kyau ba guba ba ne, mai yawa ko ruɓaɓɓe kuwa ɓarna ne. Duk wanda ke shirin yi wa wani gyara ya riƙe wannan da kyau, domin shi ke nuna iyakar ƙarfin da ya dace muryarsa ta yi.

Mai son ciyarwa yadda ya kamata ya fara da karanta allon da ke ƙofar lambu. Manyan lambunan sarauta na Landan, irin su Hyde Park da St James, suna roƙon masu ziyara kada su ciyar da namun dajin da ke ciki. A dandalin Trafalgar kuwa tun 2003 aka hana ba tattabaru hatsi. Lokacin da murar tsuntsaye ta ɓarke ma akan kafa sanarwa ta musamman. Inda babu hani, sai ya zo da abin da ya fi burodi: ɗanyen hatsin ot, alkama, ƙwayar masara, dafaffiyar shinkafa marar mai da gishiri, yankakken latas, ko koren wake na firiza da aka bari ya saki. Cincin, biskit da duk wani soyayyen abu na mutane ne. Awo kuwa cikin tafin hannu ɗaya ko biyu ya isa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: da zarar agwagi sun fara duban abinci suna wucewa, an gama. A watsa a ruwa marar zurfi, a warwatsa shi sosai domin raunana su samu, kada a tara wuri ɗaya ƙarfafa su mamaye. Yaro ya tsaya taku biyu daga gaɓa, babba na riƙe da rigarsa, kada kuma a miƙa wa dinya abinci da hannu. Leda ta koma aljihu, hannu ya ga sabulu kafin ya taɓa abinci.

Wannan duk mai sauƙi ne. Wahalar tana farawa ne sa'ad da wanda ya karanta duk waɗannan ya ɗaga kai ya ga wata tsohuwa da jikarta suna gutsura farin burodi suna dariya. Ilimi sabon shiga yana da ƙaiƙayi a harshe. Kafin ya buɗe baki, mai gyara ya dubi abu biyu. Na farko girman ɓarnar: yanka biyu a hannun yarinya ba su kai abin tayar da jijiyar wuya ba, amma mutumin da ya zo da buhun burodi mai koren fumfuna yana shirin zazzagewa a tafki ya cancanci a yi masa magana. Na biyu halin da mutumin yake ciki. Akwai dattijon da wannan fitar ita kaɗai ce hulɗarsa da wani mai rai a yini guda, akwai uwar da sai da ƙyar ta samu yaro ya daina kuka. Idan aka kunyata irin waɗannan, agwagwa ba ta ƙaru da komai ba, mutum kuwa an rage masa abu mai yawa.

A ƙasar Hausa ɗa na kowa ne, kuma dattijo yana iya tsawata wa wanda bai sani ba a kasuwa a ce masa an gode. A Ingila mutane sun fi tsare sha'aninsu, yi wa ɗan wani faɗa kuwa yana iya jawo cacar baki nan take. Saboda haka magana da babba ake yi, a bar yaro ya ci gaba da murnarsa. A kuma matso kusa. Gyaran da aka ƙwala daga wancan ƙetaren tafki, mutum goma na ji, ya tashi daga nasiha ya koma tozarci, kuma wanda aka tozarta yakan ƙara jefa burodin don kawai ya nuna ba a isa ba. Baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba.

Gaisuwa ce mabuɗi. A Ingila zancen yanayi ne ke buɗe hira, a ce yau sanyi ya yi sauƙi, ko a yaba yadda agwagin suka taru. Idan kuwa Allah ya haɗa mutum da Bahaushe ɗan'uwansa, abin da kan faru a Landan ko Manchester, to sallama ce da tambayar gida da iyali tukuna, sannan a ce, "Baba, ga koren wake nan na zo da shi da yawa, a ba yarinyar ta gwada, an ce ya fi yi musu amfani." Wannan dabara ta fi kowace aiki, ko da wane harshe aka yi ta. Mai gyara ya riƙa zuwa da guzuri fiye da buƙatarsa. Yarinya za ta karɓa, ta watsa, ta ga waken yana nutsewa a hankali agwagi suna dulmiya kai suna wawaso, ta juyo ta miƙo hannu a ƙara mata. Kakar ta gani da idonta, babu wanda ya ce mata ta yi kuskure, kuma mai yiwuwa mako mai zuwa ledarta ta canza.

Idan sai an yi bayani, jimla biyu sun isa. Kada a kawo sunayen cututtuka a jere, kada a zaro waya a ce sai mutum ya karanta, kada a ce masa yana kashe agwagi, domin wannan ƙari ne a kan gaskiya. A jingina maganar ga allo ko ga hukumar lambun, a ce haka suka rubuta, domin mutum ya fi saurin karɓar doka daga allo a kan daga bakin wanda bai sani ba. Sau ɗaya ake faɗa. In ya ce shekara hamsin yana haka agwagi ba su ƙare ba, a yi murmushi a yi masa sallama, don a maganarsa ma akwai ƙamshin gaskiya. Ɗaukar hoton mutum ko bidiyonsa a saka a Facebook domin duniya ta yi masa dariya cin mutunci ne da yanka burodi bai kai a yi saboda shi ba, balle in akwai yaro a hoton. Babbar ɓarna, kamar zubar da abinci buhu-buhu, sakin kare a kan tsuntsaye ko jifansu da dutse, ma'aikatan lambu ake kai wa, su ne ke da hurumin hanawa.

Saura wanda aka yi wa gyaran, domin mai ledar wake na yau yana iya zama mai ledar burodi a wani lambun da dokarsa ta bambanta. Idan baƙo ya matso ya ce ba a yin haka a nan, amsa mafi arha ita ce godiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ko da mai maganar ya zo da ɗaurarriyar fuska, a ɗauki abin da ke da amfani a cikin zancensa a bar masa sauran, musamman a gaban yara, waɗanda ke kallon yadda babba zai amsa fiye da yadda suke kallon agwagi. Burodin da ya rage a mayar da shi gida. In bai lalace ba a gasa shi a sha shayi, in ya yi fumfuna a jefa shi kwandon shara mai murfi inda tsuntsu ba zai kai gare shi ba.