Ko an maimaita maka ranar sau goma sha biyu, Taubashi

Taubashi, ubangidan da ba ya ciyar da bawa! Na samo maka magani a talabijin, tunda na asibiti da na gargajiya duk sun gaza raba ka da "da na sani" tun ranar da aka kai mutuniyarka ɗakin wani.

Fim ne na barkwanci mai suna 12 Dates of Christmas, wanda tashar ABC Family ta Amurka ta nuna a watan Disamban 2011. Amy Smart ce ta fito a matsayin Kate, wata 'yar birnin New York da ta ɗaura ɗamarar maido da tsohon saurayinta Jack a jajibirin Kirsimeti. Tana cikin kanti aka fesa mata turare a fuska, ta faɗi. Daga nan duk lokacin da sha biyun dare ta buga, sai ta farka kwance a kantin nan, ranar ta dawo sabuwa fil. Sau goma sha biyu ana yi mata haka. Dabarar ba sabuwa ba ce, Bill Murray ya sha irin wannan wuya a Groundhog Day tun 1993, amma shi ba tsohuwar zuma yake bi ba, don haka wannan ya fi dacewa da kai.

Na san abin da kake rayawa: ina ma ni ne! To tsaya ka ji. Kate ta yi kwalliya, ta yi dabara, ta yi naci, amma Jack ya riga ya ƙudura neman auren sabuwar budurwarsa Nancy. Ranar da aka yi ta maimaitawa ba ta sauya zuciyarsa ba. Kate ɗin ce ta sauya. Ta fara sauraren maƙwabciyar da take wucewa a guje, ta sauke fushin da take yi da matar babanta, sannan ta buɗe ido ta dubi Miles, mutumin da matarsa ta rasu, wanda Mark-Paul Gosselaar ya fito a matsayinsa. Tun daren farko yana zaune gabanta, hankalinta na wajen wani.

Yanzu mu ɗora ka a wurinta. Daren farko za ka je zance hannu rabbana, ka ce albashi bai shigo ba. Na biyu ka ce ya shigo amma manhajar banki ta ƙi buɗewa. Na uku ka kawo rake ɗaya, ka shanye rabi a hanya. Kafin na goma sha biyu, mai fesa turaren ma sai ta gaji ta nemi a sauya mata aiki. Ai ba rana ce ta cuce ka ba, Taubashi, aljihunka ne da ka ɗinke da zaren buhu. Da na sani ƙeya ce, kai kuwa ka juya kai ka zuba mata ido har kana tuntuɓe a hanya.

Ka lura da wadda ta haɗa Kate da Miles: matar babanta, wadda take gani kamar ba ta ƙaunarta. Kai ma gwaggonka, wato tsohuwata, ta gaji da aika maka saƙo kan yarinyar da ta gano maka, kana cewa zuciyarka ba ta warke ba. Wace zuciya? Kuɗin lefe kake tsoro, kowa ya sani.

Saboda haka ran Juma'a ka yi aski, ka sa babbar rigar da ba ta aro ba, ka je ka gaida mutane da ɗan abin hasafi. Kai ba a Amurka kake ba, ba wanda zai mayar maka da agogo baya in ka ɓata. Idan an sa rana ni ne babban aboki, amma sai ka fara biyan kuɗin sharata na bana da na bara.