Tsamiyar da Ta Miƙe da Malam

A ƙasar Daura, wadda masarautarta ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, iskar da ke zuwa gaban ruwan farko, wajen watan Yuni, takan tuge tsofaffin bishiyoyin da suka daɗe a gonakin jigawa ta shimfiɗe su tun kafin manomi ya gama shuka. Yanki ne na bakin iyakar Nijar, a ɗaya daga cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wato shirin dashen itatuwa domin tare hamada wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, saboda haka itace yana da tsada, kuma wanda iska ta kayar ba ya daɗewa bai sami mai ciniki ba. Sai dai ba kowace faɗaɗɗiyar bishiya ce abin so ba, domin kuka jikinta laushi ne da ruwa, ba ta katako ba ta murhu, gawo kuma yana da sauƙin sara amma gara na son sa, alhali tsamiya zuciyarta tauri gare ta, ana sassaƙa turmi da taɓarya da ita, gawayinta kuma yana daɗewa yana ci.

Akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya fahimta, shi ne abin da za a kira a nan dunƙulen saiwa, wato saiwoyin bishiya tare da ƙasar da suka riƙo lokacin da iska ta tuge ta, wanda yakan tsaya a karkace a bakin ramin da ya fito. Ƙasa mai danshi, idan ta kai mita guda ta kowane gefe, nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, kuma babu abin da ke hana wannan dunƙule komawa raminsa sai nauyin rassa da ke ɗaya ƙarshen. Lamarin tamkar sikelin mai awon nama ne: idan aka ɗauke abin da ke kwano ɗaya, ɗaya kwanon zai sauka, kuma duk abin da ke zaune a kan wanda aka sauƙaƙa zai yi sama. Ana koyar da wannan ƙa'ida a ƙaramar sakandare, kuma malamin da wannan bayani ya shafa shi ne yake koyar da ita, wanda ba za a ambaci sunansa ba, illa dai a ce har yanzu mai wannan rubutu a karkace yake zama kan kujera.

Malam ya sayi wata faɗaɗɗiyar tsamiya daga hannun magada a wata gona da ke bakin hanyar Mai'aduwa, ya sanar da mai unguwa, ya ɗauko mai injin yankan katako da mai amalanken shanu, ya kuma zaɓi ranar Lahadi saboda babu makaranta, bai tuna cewa ita ce ranar kasuwar Mai'aduwa ba. Da mai inji ya ci nisa a gangar bishiyar, kimanin mita huɗu daga saiwa, sai ya yi ƙorafin cewa itacen yana motsi, Malam kuwa, da yake shi ne mai ilimin kimiyya a wurin, ya tattare babbar rigarsa ya haye gangar ta ɓangaren saiwa, ya zauna irin zaman mahayi domin ya danne ta.

Abin da ya biyo baya bai wuce ƙiftawar ido kaɗan ba, amma ya cancanci a bi shi daki-daki. Da farko an ji wata ƙara daga cikin ƙasa, sannan rassan suka rabu da gangar suka zube, sannan Malam ya lura cewa mai inji, wanda dogo ne, yana ƙara gajarta, har ya zamana yana hango tsakiyar hularsa. Tsamiyar ba ta yi gaggawa ba, ta miƙe ne a hankali da natsuwa irin ta manya, kuma a wannan ɗan lokaci Malam ya sami damar hango shanun amalanke daga sama, da layin masu tafiya kasuwa, da kuma babin littafin kimiyya da ya yi bayanin abin da ke faruwa da shi. Da dunƙulen ya faɗa raminsa, gangar ta tsaya cak, Malam ya sulale ƙasa, kuma da sulalewar ta kai shi ƙasa da babu abin rubutawa, amma wani guntun reshe ya shiga ta bayan wuyan rigarsa ya riƙe, ya bar shi yana reto, fuskarsa tana kallon hanya.

Shaidu sun saɓa a kan lokacin da zariyar wandon ta tsinke. Mai inji ya ce tun a hawa ne, mai amalanke ya ce sai da aka tsaya, shi kuwa Malam, wanda ya fi kowa kusa da lamarin, ya tabbatar da cewa ta jira har sai da ayarin mata masu tallan fura suka iso daidai gonar, sannan ta saki. Wandon ya sauka ba tare da hayaniya ba, ya taru a idon sawu, takalma suka tare shi, 'yar ciki kuwa, wadda tela ya rage wa tsawo saboda tsadar yadi, ta yi iyakar ƙoƙarinta. A daidai nan ne wasu ɗalibansa biyu, da suke kora akuya zuwa kasuwa, suka durƙusa a gindin bishiyar kamar yadda aka tarbiyyantar da su suka ce, “Ina kwana, Malam?” Shi kuma, da yake gaisuwa ba a ƙin amsa ta, ya ce, “Lafiya lau. Ya mutanen gida?”

Shawara mafi tsawo ta fito ne daga wani dattijo da ya tsayar da jakinsa, ya ɗaga kai ya daɗe yana nazari, sannan ya ce, “Malam, ka sauko.”

“Baba, ta yaya?”

“Ta yadda ka hau mana, ɗana.”

Da aka yi masa bayanin cewa bishiyar ce ta hau da shi, dattijon bai yi mamaki ba, sai ya tambaya ko an yi sallama kafin a kunna inji, domin a cewarsa kowa ya san tsamiya gidan mutanen ɓoye ce, kuma wanda aka rushe wa gida da sassafe dole ya tashi ya ga ko wane ne. Ya ba da shawarar Malam ya juya hularsa ya ba su haƙuri, aka nuna masa hular a ƙasa, sai ya ce to a mayar masa da ita tukuna, ba tare da ya faɗi wanda zai hau ya kai ba. Ya ƙara da cewa ba a sarar tsamiya ranar Lahadi, da aka tambaye shi Litinin fa, ya ce ita ma ba a yi, ya bi ranakun mako ɗaya bayan ɗaya ya hana, kuma duk wannan lokaci wanda ake yi wa fatawar yana juyawa a hankali, wani lokaci gabas, wani lokaci arewa. Da mai inji ya kawo shawarar a yanke gangar daga tushe, dattijon ya amince nan take, da sharaɗin Malam ya riƙe da kyau. Daga ƙarshe ya duba sama ta gabas inda hadari ke haɗuwa ya ce, “Ka yi haƙuri, ɗana, iskar da ta kayar da ita ba ta yi nisa ba.”

Mai amalanke ne, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya kora shanunsa ya tsayar da amalanken a ƙarƙashin Malam, kuma ana cikin neman sanda mai tsawo wuyan rigar ya yage, Malam ya sauka a zaune kan tulin rassan tsamiya. Dattijon ya hau jakinsa yana gaya wa jama'a cewa tun da fari abin da ya ce a yi ke nan.

Washegari magada suka kai magana gaban mai unguwa, suna cewa bishiyar da suka sayar a kwance take, wadda ke tsaye kuwa ba ta cikin ciniki. Mai unguwa ya je ya duba da idonsa, ya yanke hukunci cewa rassa na Malam ne, gangar ta magada ce, wuyan rigar da ke sama kuma duk wanda ya iya hawa ya ɗauka.