Turai Mai Jakuna

Ɗan yayata ya bar Kano da akwati biyu, ƙullin kilishi da yaji, da alkawarin dillalin makaranta cewa Turai zai je karatu. Dillalin ya faɗi rabin gaskiya ne, ya haɗiye saura. Tsibirin Saifurus a rabe yake tun 1974. Kudu, ɓangaren Girkawa, shi ke cin moriyar Tarayyar Turai tun 2004. Arewa, inda yaron ya samu gurbi, ta ayyana kanta ƙasa a 1983, kuma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Shi ya sa jirgi ba ya sauka a filin Ercan sai ya biya ta Turkiyya. Gogan naka ya ɗauka ratse ne kawai.

Asubar farko kiran salla ya tashe shi, ya zabura yana laluben silifa, a zatonsa yana Fagge. Da hantsi ya fito, ya duba hagu kamar yadda ya saba, ya taka titi, sai ga mota ta dama. Allah ne ya yi da sauran kwana. Mulkin Ingila ya ƙare a 1960, amma hannun tuƙinta yana nan.

Sai maganar kuɗi. Makaranta dala take so, mai gida ya ce fam ɗin Ingila, mai burodi ya ce lira, Alhaji babansa kuma naira yake turowa. Yaron da lissafi ya kora daga ajin kimiyya, ga shi ya koma ɗan canji.

Da hutu ya matso, ya tambayi wani tsohon ɗalibi ina tashar jirgin ƙasa mai zuwa Jamus, zai je ya ɗan taɓa aiki. Mutumin har da riƙe ciki. An rufe layin dogon tsibirin tun 1951, kuma ko yana nan, teku ce ta ko'ina. Kai, ko layin da ya raba Arewa da Kudu, wanda dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi a tsakiyar Nikosiya, takardar zamansa ba ta tsallakar da shi.

Yaya ta matsa sai ya turo hoton Turai. Abokai suka ja shi Karpaz, inda jakunan da ba na kowa ba ke tare motoci suna cusa kai ta taga neman karas. Hoton da ya fi kyau ya turo, shi da jaki kafaɗa da kafaɗa.

Ko minti biyar ba a yi ba ta kira ni: "Kai, don Allah tambayar min babansa, gonar da ya sayar, Wudil aka kai yaron?"